Karatu Haɗe Da Hidima: Sai An Hau Jirgi Ne?

A jami'o'i da dama na Amurka da Ingila akwai tsarin da ɗalibi zai bar aji na 'yan makonni, ya tafi wata ƙasa ya yi wa jama'a aiki, ya dawo ya rubuta abin da ya koya, a ba shi maki. Wani ya koyar a firamare, wani ya taya ma'aikatan asibiti, wani ya kama aikin gini. Sau da yawa ɗalibin ko iyayensa ne ke biyan kuɗin jirgi da masauki. Mu da ke Funtua da Malumfashi in muka ga hotunansu a waya sai mu ce wannan harka ce ta masu hali. To amma yankinmu ya daɗe da sanin irin wannan karatu.

Bari mu fara da tarihi. A 1958 wani limamin coci Ba'amurke, James Robinson, ya kafa ƙungiyar Operation Crossroads Africa, mai kawo ɗalibai Afirka lokacin hutu su yi aikin gayya tare da matasan gari. A 1961 Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka karɓi matasanta. Tun a shekarar aka sami matsala. Wata daga cikinsu ta rubuta wa na gida kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani a Ibadan. Katin ya faɗa hannun ɗaliban jami'a, suka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Darasin na nan har yau: wanda ka zo taimaka wa ba ya son ka mai da shi abin kallo.

Yanzu mu dawo gida. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara horar da likitoci a ƙarshen shekarun 1960, asibitin Malumfashi na cikin asibitocin koyarwarta, tare da na Zariya da na Kaduna. Ɗaliban likitanci kan zo su ga yadda ciwo yake a karkara, inda mara lafiya ke zuwa daga nesa, wani lokaci bayan ya gama gwada maganin gida.

A shekarun 1970 kuma masana daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a Ingila suka haɗa kai da jami'ar, suka yi shekaru suna bincike a ƙasar Malumfashi kan zazzaɓin cizon sauro, da tsargiya, da saran maciji. A madatsar Ruwan Sanyi har zama aka yi ana lura da masu shiga ruwa, da abin da ke kai su, don a gane yadda tsargiya ke yaɗuwa. Irin wannan sani ba ya samuwa a mako biyu. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wanda zai amfani gari sai ya zauna, ya tambaya, ya saurara.

Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata mu riƙe, ko mu ne masu tafiya ko mu ne masu masauki. Wa ya zaɓi aikin, mutanen gari ko baƙi? Ɗalibin ya iya abin da zai yi, ko kuwa a kan talaka zai koyi allura? Aikin bai ƙwace abincin magini ko malamin garin ba? Wa zai ci gaba da shi bayan an tafi?

Ga ɗalibanmu da ke Samaru, ko Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, filin aiki na bakin ƙofa. Tsutsar nan mai cinye masara ta ɓulla a Najeriya tun 2016, kuma ɗalibin aikin gona zai iya nuna wa manoma yadda ake duba kunnen masara da wuri, shi kuma ya koyi sanin ƙasa da damina daga gare su. Ɗalibar kimiyya za ta iya zama da ƙannenta masu shirin JAMB. Mai karatun lafiya ya taya ma'aikatan rigakafi rubuta sunaye. Sai dai a yi da sanin mai unguwa da hukumar makaranta, kuma a kula da tsaro. Abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 ya isa ya hana kowa ganganci.

Mai burin fita waje kuma kada ya karaya. Tun 1987 Najeriya ke tura ƙwararrunta, irin su malamai da likitoci, aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik a ƙarƙashin shirin TAC. Amma ƙwararre ake turawa, ba ɗan kallo ba.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, babu musu. A hutun nan mai zuwa, mu fara da wadda kuɗin mota zai kai mu.