Makullin Akwatunan Kayan Aiki: Abin Da Ya Kamata Maƙeran Gombe Su Lura Da Shi

GOMBE — Tun bayan da aka ƙirƙiro Jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba, 1996, gine-gine da zirga-zirgar motoci suka ƙaru a babban birnin jihar, abin da ya jawo ƙaruwar kanikawa da kafintoci da masu gyaran wutar lantarki. Da yawa daga cikinsu kan bi aiki daga Jekadafari zuwa Pantami ko Bolari ɗauke da kayan aikinsu, waɗanda su ne jarinsu baki ɗaya, a cikin akwatin ƙarfe da masu walda ke ƙerawa.

Irin wannan akwati na da ƙarko, sai dai an tsara shi ne ya zauna shi kaɗai, da alharga da kwaɗo a gaba. Idan aka ɗora biyu ko uku a bayan babur ko a-kori-kura, dole a ɗaure su da igiya ko tsinken roba, in ba haka ba su zame a gargadar farko. A nan ne akwatunan da ke sarƙe juna suka fi, kuma sirrinsu duka yana ga makulli.

Ayyuka uku ake buƙata daga makullin: ya riƙe murfi, ya haɗa akwati da ɗan'uwansa, sannan ya hana ɓarawo buɗewa. Kowane aiki da irin ƙarfin da yake nema. Alal misali, idan aka sarƙe akwatuna uku masu nauyin kilo 15 kowanne aka ɗaga su da mariƙin na sama, mahaɗar farko ce za ta ɗauki kilo 30, kuma fizga kan ƙara wannan nauyi. Don haka ƙugiyar da ta isa riƙe murfi ba lalle ta isa haɗa akwatuna ba.

Dabarar da ta fi inganci ita ce a raba wahalar. A yi wa gindin kowane akwati ƙafafu huɗu da za su shige cikin gurabe a murfin na ƙasa, ta yadda jikin akwatin ne zai tare zamewa gefe, ƙugiya kuwa aikinta hana rabuwa kawai. Game da sata, sandar ƙarfe guda da za ta ratsa alhargar dukkan akwatunan daga sama zuwa ƙasa ta wadatar, a rufe ta da kwaɗo ɗaya maimakon uku.

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gano ribar da ke cikin wannan fanni. A shekarar 1993 aka fito da akwatin Systainer a ƙasar Jamus, mai tsawon kimanin santimita 40 da faɗin 30, wanda ake haɗa shi da ƙugiyoyi huɗu. A 2010 aka sauya su da makulli guda mai juyawa, T-Loc, wanda ke rufewa da buɗewa da haɗawa. Haka kuma a 2017 kamfanin Milwaukee na Amurka ya fito da tsarin Packout, inda ake zura akwati a kan ɗan'uwansa har ya kama da kansa. Sau da yawa akwatin wani kamfani ba ya kama na wani, saboda haka wanda ya sayi na farko yakan koma wurinsu neman na biyu.

Amma waɗannan akwatuna na roba ne, kuma da kuɗin waje ake shigo da su, abin da ya bai wa mai ƙirar gida dama. Sharaɗin farko shi ne daidaiton awo: muddin kowane yaron shago zai yanka ƙarfe da ido, akwatin bana ba zai hau na bara ba. Wajibi ne a yi samfuri guda na yanka da huda, a riƙe shi. Na biyu, a yi la'akari da ƙurar hunturu da tsatsar damina, waɗanda kan cije ƙananan sifirin. Ƙugiya mai sauƙi da aka ɗaure da noti, wadda za a iya kwancewa a sauya, ta fi wadda aka like da walda.

Bugu da ƙari, dokar Nijeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira da zane ta ba da damar yi wa sabuwar ƙirƙira rajista ta shekara 20, sabon zane kuwa shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu. Ke nan duk maƙerin da ya fito da nasa makullin, ya kyautu ya nemi rajista kafin ya kai shi kasuwa, domin abin da ya riga ya bazu ba ya karɓar rajista.