Me Ya Sa Baƙo Ba Ya Kwana a Wurno, Rabah da Goronyo?

A watan Afrilun 1853 Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya sauka a Wurno ya yi makonni yana zaune, domin a can Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake. A 1885 kuma Joseph Thomson, mutumin Sikotilan, ya iso garin yana neman yarjejeniyar ciniki wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu. A wancan ƙarni, wanda ke son ganin mai riƙe da daula sau da yawa sai ya bar Sakkwato a baya ya nufi Wurno, ya sauke kaya, ya jira.

Baƙon yau ba ya sauke kaya. Da hantsi yake barin birnin Sakkwato, ya bi ta Achida, ya yi ziyara, ya sallaci azahar, kafin ya gama kallon fadama direba ya fara ɗaga kai yana duban rana. La'asar sakaliya ba ta riskarsa a hanya. Haka ziyarar gabashin Sakkwato ta koma a 'yan shekarun nan: gajeruwa, mai gaggawa, kuma masu yin ta kullum raguwa suke yi.

Abin takaicin shi ne, samun yanki irin wannan a Arewa sai an tona. Garuruwa uku ne makusanta, kowane da abin da ke jan mutum zuwa gare shi.

Wurno na zaune a kan tudu, tana kallon fadamar gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa ta wajen 1830 a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, don tare harin Gobirawa da Azbinawa daga arewa maso gabas. Bello bai ɗauki ribaɗi sansanin mayaƙa kurum ba. Ya zaunar da makiyaya, ya jawo malamai da masu sana'a, shi da kansa ya tare a can har Allah ya karɓi ransa a 1837, kuma a nan hubbarensa yake. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo su ma sun yi zaman Wurno. Wanda ya tsaya a bakin tudun da rani zai gane dalilin zaɓen wurin ba sai an yi masa bayani ba: ido na kaiwa nesa, ƙasa kuma shimfiɗe take da shinkafa, albasa da tafarnuwar da ta yi wa garin suna a kasuwannin Nijeriya.

Rabah, a bakin gulbin Sakkwato, sunan mutum guda ya ishe ta. A nan aka haifi Sir Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen Muhammadu Bello ta wajen Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda ya yi mulki daga 1873 zuwa 1877. A nan kuma ya fara sarauta, lokacin da aka naɗa shi hakimi a 1934, kafin ya zama Sardauna a 1938. Da kwatancin wannan gari da gulbinsa ya buɗe littafin tarihin rayuwarsa na 1962. Duk ɗalibin da ya yi karatu a jami'ar Zariya yana ɗauke da sunan ɗan Rabah a takardar shaidarsa, amma kaɗan ne cikinsu suka taɓa taka garin.

Goronyo kuwa ruwa gare ta. Madatsar da aka gina a kan gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, tsawonta ya kai kilomita 12 da rabi, tsayinta mita 21, kuma tana iya riƙe ruwan da ya haura kubik mita miliyan 900. Ga yaron da ya tashi a ƙasar da rijiya ke da gaba ashirin, ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa abu ne da ba ya mantuwa. Shi ya sa makarantu suka riƙa kai ɗalibai can, samari kuma suka mayar da bakin dam wurin yawon Sallah, a ci soyayyen kifi, a hau kwalekwale, a ɗauki hoto.

To, me ya kori baƙin?

Amsar farko kowa ya san ta, kuma ba ta da daɗin faɗi. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe gomman mutane, dubbai suka yi hijira zuwa garin Gandi. Daga nan abin ya ci gaba da yaɗuwa daga dazuzzukan da suka haɗa Sakkwato da Zamfara. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 maharan suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana tsakar ci, gwamnatin jiha ta tabbatar da rasuwar mutum 43. Bayan irin wannan labari, wane shugaban makaranta ne zai sa hannu a takardar ɗibar yara sittin a mota zuwa bakin dam? Wane uba ne zai yarda? Manomi dole ne ya je gonarsa, ɗan kasuwa dole ne ya ci kasuwa, amma mai yawon buɗe ido babu abin da ya tilasta shi. Shi ne na farkon janyewa, kuma ko an samu sauƙi na watanni shi ne na ƙarshen dawowa, domin labarin hari ya fi labarin zaman lafiya saurin tafiya.

Aljihu ya biyo baya. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, tafiyar nishaɗi ta fita daga lissafin magidanci. Iyakar Nijar ma ta sha rufewa, a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, alhali masu ziyarar hubbarorin Sakkwato da Wurno ba 'yan Nijeriya kaɗai ba ne. Mutanen Ƙonni, Tawa da Maraɗi na cikinsu tun kaka da kakanni.

Akwai kuma wani sauyi da ya fi waɗannan daɗewa, wanda ba a cika son tattauna shi a fili ba. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978 muhawara kan ziyarar kaburbura da neman tabarruki ta raba ra'ayin malamai. Mabiya ɗariƙa na ci gaba da ziyara, wasu kuma sun ƙaurace mata baki ɗaya. Wannan mas'ala ce ta malamai, su za su warware ta. Sai dai ta bar wani giɓi a tsakiya: matashin da ba ya zuwa neman albarka, ba a kuma tanadar masa wata ƙofa ta zuwa neman sanin tarihi ba, sai ya zauna gida, ya san Muhammadu Bello a matsayin sunan masallaci da titi kawai.

Duk da haka, wanda ya ɗora laifin duka a kan 'yan bindiga bai faɗi gaskiya cikakkiya ba. Tun kafin a ji ƙarar bindiga a Gandi, baƙon waɗannan garuruwa a Sakkwato yake kwana. A can otal-otal suke, irin su Giginya da Shukura, a can gidan tarihi na Waziri Junaidu yake, a can Hubbaren Shehu yake. Wurno da Rabah reshe ne na tafiyar, ana leƙa su idan lokaci ya rage. Madatsar Goronyo kuwa, da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, an gina ta ne don noman rani, da rage ambaliya, da shayar da birane irin su Sakkwato da Birnin Kebbi. Injiniyoyin sun yi aikinsu, amma ba da mai kallo a zuciya suka yi shi ba. Hukumar ta tarayya ce, harkar yawon buɗe ido ta jiha ce, kasuwa da tasha na ƙaramar hukuma ne, hubbare kuma a hannun masarauta yake. Baƙo ya faɗa tsakanin huɗun, babu wanda ke jin nauyinsa a wuyansa yake.

Shi kansa ruwan bai taimaka ba. A watan Satumbar 2010 ambaliya ta cika Rima ta batse, ta cinye ƙauyuka da gonaki daga Goronyo har ƙasa, ta yanke gadar da ke kaiwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuma sai akasin haka: ruwan dam ɗin ya ja baya har ya rage kimanin kashi 10 cikin 100, saboda ƙarancin damina da yashin da ya taru a ciki tsawon shekaru. Sannan a watan Agustan 2025 wani kwalekwale da ya ɗebo mutane fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife, aka yi ta neman da yawa daga cikinsu. Waɗannan bayin Allah ba yawo suka fito ba, neman abinci suka fito, galibi ta ruwa saboda hanyar ƙasa ba ta da kyau ko ba ta da aminci. Amma darasin ya shafi kowa: inda mazauna ke hawa jirgi babu rigar ruwa, ba a da bakin gayyatar baƙo ya hau.

Asarar da wannan ya jawo ba ta bayyana a kasafin kuɗin jiha, shi ya sa ake raina ta. Tana bayyana ne a faranti. Baƙon da ya kwana yakan ci tuwon dare da kokon safe, ya hau babur, ya sayi buhun albasa da damin tafarnuwa kai tsaye daga hannun manomi, ya ba mai yi masa jagora wani abu, ya yi tsarabar busasshen kifi. Baƙon awa uku da ruwansa na leda yake zuwa daga birni. Mai suyar kifi a bakin dam, mai shayi a tasha, matar da ke aiko da fura daga cikin gida, su ne ke ɗaukar asarar, kuma su ne ba su da ƙungiyar da za ta kai kukansu gidan gwamnati.

Asara ta biyu ta fi zafi, don ba a maido ta da kuɗi. A kowane tsohon gari akwai dattawan da suka san inda ganuwa ta bi, da wace ƙofa ce aka fi tsaro, da zuriyar wa ke zaune a wace unguwa. Irin wannan ilimi tambaya ce ke raya shi. Idan masu tambaya suka daina zuwa, dattijo ya daina ba da labari, jikansa kuma bai ga amfanin koyo ba. Gini ma haka yake: katangar ƙasa da babu mai zuwa ganinta, damina uku ta ishe ta, sai a share wurin a aza bulo.

Ƙasar su Thomson na da misalin da ya cancanci a duba. Ƙauyen Luss, a bakin tafkin Lomond na Sikotilan, mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne, amma masu ziyartarsa a shekara dubban ɗaruruwa ne. Shi ma da ziyarar addini ya fara, domin ƙarnoni da dama Kiristoci sun riƙa zuwa can saboda wani waliyinsu mai suna Kessog. Daga baya masu kallon ruwa da duwatsu suka gaje su. Abin da aka tanada a can ba gagarumi ba ne: wurin ajiye mota, makewayi, matsayar jirgin ruwa, allunan bayani, da gidajen da ke ba da hayar ɗaki da karin kumallo. A 2002 aka sa yankin duka ƙarƙashin hukuma guda ta gandun ƙasa. Yau kukan mutanen Luss shi ne baƙi sun yi yawa, motoci sun toshe musu lunguna. Ba a kawo misalin don a ce Goronyo ta zama Luss ba, yanayi da arziki sun bambanta. An kawo shi ne don ya nuna cewa ƙananan abubuwa ne ke tsayar da baƙo, kuma akwai hukuma ɗaya da za a tuhuma idan sun lalace.

A gida ma akwai abin lura. Jihar Kano ta gwada ɗaya hanyar, ta gina manyan otal-otal a bakin madatsun Tiga da Bagauda. Sun yi tashe na ɗan lokaci, kulawa ta gaza, suka durƙushe, har harabar Bagauda ta koma makarantar horar da lauyoyi. Argungu kuwa, wadda ke shan ruwan Rima ɗin nan da ake sakowa daga Goronyo, ba da gini ta yi suna ba. Bikin kamun kifinta, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Shi ma rashin tsaro ya dakatar da shi kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020, amma da aka buga ganga mutane sun amsa, saboda masunta da Sarkin Ruwa da masarauta ba su saki abin ba a tsawon shekarun da babu baƙi.

Wannan ne aikin da ke gaban Wurno, Rabah da Goronyo tun kafin hanya ta yi lafiya, kuma yawancinsa bai buƙatar kwangilar biliyoyi. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da fadar Sarkin Sudan na Wurno da ta Sarkin Rabah, na iya naɗar muryoyin dattawa yanzu, da Hausa da Fulfulde, a auna abin da ya rage na ganuwa da tsofaffin gidaje a rubuta. Makarantun da ke cikin garuruwan kansu ba sa buƙatar rakiyar soja kafin su kai ɗalibansu hubbaren da ke bayan unguwarsu, ko gidan da Sardauna ya tashi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa da ƙaramar hukumar Goronyo kuma na iya tsayawa a mashigar jirage kowace Lahadi, ranar da kasuwa ke ci, su ƙirga masu hawa, su tabbatar kowa ya ɗaura rigar ruwa kafin matuƙi ya tura kwalekwale.