Takai: rawar sanda da Turawan Ingila ma suke da irinta

Idan kaka ta yi, an ɗaure dammunan hatsi, 'yan kasuwar Tabla da Filinge sun fara auna sabon wake, lokacin ne samarin ƙauye ke samun sukunin wasa. Cikin wasannin ƙasar Hausa kaɗan ne suka kai takai daɗin kallo. Samari su yi da'ira, kowa da 'yar sandarsa, mai ganga yana tsakiya. Ka juya ka buga sandarka da ta na gabanka, ka sake juyowa ka tari ta na bayanka, duk a kan bugun ganga. Wanda ya yi latti, yatsunsa ne za su gaya masa. Shi ya sa takai ba ya yiwuwa da mutum biyu ko uku, sai taro, sai kuma makaɗin da ya san inda sanda za ta faɗi.

A Gana ma Dagombawan Tamale da Yendi suna da takai, amma su da sandunan ƙarfe suke yi, cikin manyan riguna masu buɗewa in an juya.

Abin mamaki, Turawan Ingila suna da irin wannan rawa, sunanta Moris. Tun 1448 aka rubuta labarinta a Landan. Suna ɗaura ƙararrawa a ƙwauri, su jeru sahu biyu suna haɗa sanduna. Akwai ma wani kiɗan nasu da ma'anar sunansa ita ce shukar wake, inda suke dungurar ƙasa da sanda kamar masu shuka. To, rawar ta kusa mutuwa da mutanen ƙauye suka watse zuwa birane neman aiki. A ƙarshen Disamba 1899 wani malamin kiɗa, Cecil Sharp, ya ga 'yan wasan Headington kusa da Okusfod, ya zauna da makaɗinsu William Kimber ya rubuta kiɗe-kiɗen. Littafinsa ya fito a 1907.

Matsalarmu ke nan a Kurfai. Da an gama girbi samari sun kama hanyar ci-rani, wasu Yamai, wasu Abijan ko Libiya, ga kuma rashin tsaro da ya rage taron dare a jihar Tilaberi. Ranar da aka fasa wasa, ba makaɗi kaɗai ya yi asara ba. Mai ƙosai, mai fura da mai goro duk sun rasa cinikin dandali, tsohon makaɗi kuwa yana zaune da kiɗansa a ka, ba yaron da ke ɗauka.