Ƙwayoyin tushe

Ƙwayoyin tushe, waɗanda likitoci ke kira sitem sel, ƙwayoyin halitta ne da ba su riga sun keɓanta da aiki guda ba. Suna iya rabuwa su haifar da irinsu, kuma suna iya rikiɗa su zama ƙwayar jini, ta tsoka ko ta jijiya. Wannan ya sa ake amfani da su wajen maye gurbin ƙwayoyin da cuta ta lalata.

Ire-irensu

Akwai na ɗan tayi, waɗanda ake samu kwana biyar zuwa shida bayan haɗuwar maniyyi da ƙwan mace, kuma suna iya zama kowace irin ƙwaya ta jiki. Akwai na ɓargo da jinin cibiya, waɗanda ke samar da jini. Na uku su ne waɗanda ake sarrafawa daga ƙwayoyin fata a ɗakin bincike.

Tarihi

A shekarar 1961 James Till da Ernest McCulloch suka tabbatar da samuwar ƙwayoyin tushe a ɓargon ɓeraye a Toronto ta Kanada. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya raino na ɗan tayin mutum. A 2006 Shinya Yamanaka ɗan Japan ya mayar da ƙwayoyin ɓera da suka girma zuwa halin tushe, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012.

Sikila da dashen ɓargo

Amfanin da ya fi tabbata shi ne dashen ɓargo, wanda ake yi wa masu sankarar jini da masu sikila, wato amosanin jini. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a duk shekara. Ana kashe ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, sannan a ɗura masa na mai lafiya ta jijiya, ya fara samar da jini marar lahani. An fi dacewa idan wa ko ƙane ne ya bayar, amma damar jituwar jinin 'yan'uwa biyu ɗaya ce cikin huɗu.

An yi dashen farko a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dakta Nosakhare Bazuaye. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa a 2024. Aikin na da tsada da haɗari: sabon ɓargon na iya yaƙar jikin majiyyaci, kuma magungunan na iya hana haihuwa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ake gyara ƙwayoyin tushen majiyyacin kansa, amma kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne. Saboda haka rigakafi ya fi sauƙi, kuma a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure.

Muhawara

Saɓani ya fi tsanani kan ƙwayoyin ɗan tayi, domin ciro su na lalata shi. Cocin Katolika ya haramta hakan, bisa cewa rai na farawa tun daga ɗaukar ciki. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 2003 cewa ya halatta a ɗebe su daga baligi da yardarsa, daga cibiya da izinin iyaye, ko daga ragowar ƙwan dashen ciki da ma'aurata suka bayar. Ta haramta zubar da ciki da gangan don samun su. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kwafar halittar ɗan'adam.

Masana na kuma gargaɗi kan cibiyoyin da ke tallar allurar ƙwayoyin tushe don ciwon suga ko hana tsufa ba tare da gwaji ya tabbatar da amfaninta ba.