Fina-finan farko na Adamu Halilu

Adamu Halilu (1936–2001) darakta ne ɗan Najeriya, haifaffen Garkiɗa da ke jihar Adamawa ta yanzu. Yana cikin 'yan Arewa na farko da suka riƙi shirya fim a matsayin sana'a, tun kafin kafuwar Kannywood.

Farkon aiki

Halilu ya koyi aiki a sashen shirya fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa da ke Kaduna. A lokacin, fim makami ne na wayar da kai. Motocin majigi kan zaga birane irin su Katsina da ƙauyukan kewaye, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, a nuna wa jama'a darasi kan noma, tsafta ko kiwon lafiya. A irin wannan tsari ya shirya Mama Learns a Lesson a 1963.

Salonsa

Majigi ya tilasta wa mai shiri ya sauƙaƙa labari, domin yawancin masu kallo ba su saba da fim ba. Daga nan Halilu ya ɗauki ɗabi'ar tafiyar da labari a hankali, da nuna mutane cikin suturarsu da muhallinsu na gaskiya, da sanya darasi a bakin dattijo.

Shaihu Umar

Wannan salo ya nuna sosai a fim ɗin Shaihu Umar na 1976, wanda aka yi da Hausa. An ciro shi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina. Umaru Ladan ne ya fito a matsayin Shaihu, malamin da ke ba almajiransa tarihin yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa. Koyarwar da a da ta tsaya kan asibiti da gona, a nan ta koma kan bauta, haƙuri da neman ilimi.

Gano shi

An daɗe ana zaton fim ɗin ya ɓace. A 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.