Dalilin da ya sa ake sayar da ƙwai a firji a Amurka, amma a Turai ake jera shi a kan kanta

Wanda ya saba ganin kiret-kiret na ƙwai a kan teburin mai shayi a Kano ko Kaduna yakan yi mamaki idan karatu ko fatauci ya kai shi Amurka, ya tarar a cikin firji kaɗai ake sayar da shi. Idan kuwa ya je Ingila ko Faransa, zai ga ƙwan a kan kanta kusa da fulawa da sukari. Bambancin ya samo asali ne daga abin da aka yi wa ƙwan kafin ya iso kasuwa.

Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Yayin da kaza za ta saka ƙwai, wani siririn rufi kan lulluɓe ɓawon ya toshe ƙofofin, ya hana ƙwayoyin cuta shiga. Wadda aka fi jin tsoro cikinsu ita ce salmonela, mai haddasa zazzaɓi da gudawa da ciwon ciki, kuma ta fi yin illa ga ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu.

A Amurka, manyan gonaki kan wanke ƙwai da ruwan ɗumi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Wankin yana kawar da kashin kaji, amma yana tafiya da wancan rufi. Shi ya sa doka ta wajabta ajiye ƙwan cikin sanyin da bai wuce digiri 7 a ma'aunin salshiyas ba. A 2010, ɓarkewar salmonela ta sa an janye ƙwai sama da miliyan 500 da suka fito daga jihar Iowa.

Tarayyar Turai ta bi wata hanyar: ta hana wanke ƙwan rukunin farko da ake sayar wa jama'a, ta mai da hankali kan tsaftar gona. A Birtaniya, bayan da kalaman ƙaramar ministar lafiya Edwina Currie kan salmonela suka karya kasuwar ƙwai a 1988, masu kiwo sun ƙaddamar da tsarin hatimin jan zaki a 1998, wanda ya tilasta yi wa kaji rigakafi. Wa'adin da ake bugawa a kwalin ƙwai a Turai ba ya wuce kwana 28 daga ranar da aka saka shi.

Ga baƙo, ƙa'idar mai sauƙi ce. Ƙwan da aka saya daga firji dole ya koma firji, kada ya wuce awa 2 a waje, domin ƙwai mai sanyi kan yi raɓa idan ya sha ɗumi, danshin kuma ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Wanda aka saya daga kanta, kada a wanke shi kafin a ajiye, kuma idan ya shiga firji a bar shi a can. Wanda ya tsage a zubar da shi, sauran kuwa a dafa har kwanduwa ta yi tauri.

Darasin ya shafi gida ma. A inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, ƙwan da ke sanyi yana hucewa a firji ya fi shiga haɗari a kan wanda ba a wanke ba, aka ajiye a inuwa mai iska, aka kuma yi amfani da shi da wuri.