Shin Ya Halatta A Ɗauko Hoto Daga Intanet A Saka A Aikin Makaranta?

Ɗalibin da aka ba aikin rubutu kan tarihin ganuwar Katsina, abu na farko da zai yi shi ne ya shiga Google ya rubuta Ƙofar Guga, ya sauke hoton da ya fi kyau. Sai dai kowane hoto yana da mai shi. Ƙofar kayan tarihi ce, amma hotonta na wanda ya ɗauka ne.

Me doka ta ce?

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare hoto tun daga lokacin da aka ɗauke shi, ko da ba a yi masa rajista ba. Kariyar tana ɗaukar shekara 50 daga fitar da hoton.

Dokar ta yi sassauci ga karatu, koyarwa da binciken da ba na neman kuɗi ba, tare da ambaton mai hoton. Malamin da ya nuna hoton a aji bai yi laifi ba. Amma idan ya buga shi a takardun da yake sayar wa ɗalibai, ko a bidiyon YouTube da ke kawo masa kuɗi, to sai da izini. Mai hoton na iya sa a sauke bidiyon, ko ya kai ƙara kotu.

Hanyoyin kauce wa matsala

1. A Google Images, a latsa Tools, sai Usage Rights, a zaɓi Creative Commons.
2. A duba lasisin hoton a Wikimedia Commons. CC BY na nufin a ambaci mai shi. NC na nufin ban da kasuwanci.
3. Hoton da ya zo ta WhatsApp, a nemo asalinsa da Google Lens.
4. A nemi izini a rubuce, a ajiye saƙon.

Goge tambarin mai hoto kuwa ƙara wa laifi nauyi ne.

Mafi sauƙi shi ne ɗalibi ya je Ƙofar Guga da wayarsa ya ɗauki nasa. Idan fuskar mutane za ta fito, ya tambaye su tukuna. Idan yara ne, a tambayi iyayensu kafin a ɗora.